Pil Shida Don Rediyon Baba

Yaya Hadiza,

Gaisuwa mai yawa. Ina gajiya, ina zaman Yamai? Yaya maigida da yara? Mu nan Gure lafiya lau, ƙafar Inna ma ta yi sauƙi.

Rediyon marigayi Baba da ya daina magana, maigidana ya roƙa na ba shi. Ya ciro kayan cikinsa ya haɗa akwatin kiɗa mai maɓallai, don ɗalibansa na lakkwal, makarantar boko. Sai maganar wuta, tunda ba mu da kuran, wato lantarki. Wani direban likita, maƙwabcinmu, mai kiran sa Mushe kamar yadda ake kiran malaman lakkwal, ya ce masa, "Mushe, jona batirin mota mana, wa ke wahala da pil, 'yan ƙananan batura?" Maigidana ya ce na mota bolt sha biyu ne, akwatin kuwa tara yake so, yana iya ƙonewa. Duk da haka na ga ransa ya biya. Na ce, "Abin da ya rage mana na Baba ke nan, kada a gwada." Sai maigidana ya ce, "To, pil shida."

Ba mu da sababbi, sai na shanya tsofaffi a rana kamar kuɓewa. Da la'asar ya jera su ya danna. Wata siririyar murya ta fito, kamar sarewar makiyayi daga nesa, irin wadda nakan ji a raina in ina karanta littattafaina. Inna ta tsaya a bakin ƙofa, ta ce, "Wannan ai rediyon Malam ne." Sai hawaye. Ba a jima ba pil suka mutu.

Don Allah ki aiko da sababbi ta motar Damagaram, Inna tana son ta sake ji. A sa Baba a addu'a. A gaida kowa.

Ƙanwarki,
Zainabu