Wa Na Miƙa wa Yarinyar?

Yaya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan ke da yara kuna lafiya. Ni dai hankalina a tashe yake.

Kin san aikina a makarantar renon nan: in an tashi ni ke tsayawa a ƙofa, mai ɗaukar yaro sai ya nuna min kati. Jiya wani ya zo yana daka min tsawa, muryarsa sak ta Baba in zai kulle mu a ɗakin ajiya. Kaina ya ɗauke ɗif. Sai ji na yi wata uwa tana jijjiga ni, "Malama, ina 'yata?" Wallahi ban san wanda na miƙa wa ita ba.

An same ta, ashe kawunta na miƙa wa. Amma shugaba ta ce za a yi zama a kaina. In aikin nan ya tafi, ina zan sa kaina?

Ƙanwarki

*

Auta,

Muna lafiya. Ke ma dai da tsoro! Ki ce musu kin duba katin, shi ke nan. Mantuwa wa ba ya yi? Baba kuwa shekararsa goma a ƙasa, ki bar shi ya kwanta.

Allah ya rufa asiri.

Yayarki

*

Yaya,

Na gode, amma ke kin bar gidan da wuri, ni na ƙara shekara tara. Wannan ba mantuwar kowa ba ce. Layi ɗaya sai in karanta sau huɗu. Yaran da nake goya kullum, sunansu ɓace min yake.

Na ga likita. Ta ce ba tsufa ba ne, ba hauka ba: ƙwaƙwalwar da ta daɗe cikin fargaba gadi take ta yi, ba ta samun sukunin riƙe abu. Ta ce ana samun sauƙi, ta kuma ba ni takarda. Ba zan yi ƙarya a kan 'ya'yan mutane ba. Ran Litinin zan kai musu, in roƙa a bar ni a aji, a sa wata a ƙofa. Tsoro nake ji, ki sa ni a addu'a.

Ƙanwarki

*

Yaya,

Ina gaisuwa. Na je yau Litinin da takardata a hannu. Ashe tun Juma'a aka yi zaman. Shugaba ta ce sau biyu ta faɗa min ranar, har na ce "to".

Don Allah ki zo.

Auta