Hasken da Ya Iso Sau Biyu

Toranke

Amaryata Fiddausi,

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya. Ubanki Ja'afar ke riƙe da alƙalami, amma bakin nawa ne. Ya ce za ki ƙetare teku shekaru don leƙen wani rami a sama, kuma wai sai na yarda. To ban yarda ba. Asalin gidan nan tun fitowar kakanninmu daga Gaya yana cikin kaina, ke kaɗai ce mai zama ki saurara, ni kuwa haƙora sun ƙare. Sannan ramin da ba a gani, wa ya kawo labarinsa? Kin san ni, zancen da bai zo ta baki biyu ba, ba na ajiye shi.

Ki huta lafiya.
Badaru

Kano

Tsohon angona,

Ina gaisuwa, ya ƙarfin jiki? Ai ni ma shaidu biyu nake nema. Baƙin rami abu ne mai tsananin nauyi, har haske yake tanƙwarawa. In wani abu ya walƙa a bayansa, hasken kan rabu, wani ya bi dama, wani hagu, su iso ɗaya bayan ɗaya. In ramin na juyawa, wanda ya bi juyin shi ke riga zuwa. Tazarar da ke tsakaninsu ce za ta nuna saurin juyinsa. Masu wannan aikin suna can, shi ya sa.

Allah ya ƙara lafiya.
Jikarka

Toranke

Amarya,

Ina amsawa. Wasiƙarki ta sa fura ta ƙi shiga. Shekarar da fara ta ci gonaki, labarinta ya zo mana ta Gafasa da hantsi, ta Gaya sai la'asar, kowa da nasa. Mahaifina ya riƙe na farko, ya ce na biyu ya kwaso ƙari a hanya. To a naku wanne ne maƙaryaci? Kuma rami ai babu ne. Yaya babu take juyawa? Kada ki ɗauka na sauko, tambaya kawai nake.

Badaru

Kano

Kaka,

Gaisuwa mai yawa. Babu maƙaryaci. In ka jefar da mai latti, na farkon ma bai gaya maka komai ba. Juyin babu kuwa, wallahi a takarda na iya lissafinsa, amma ban iya faɗarsa yadda ni kaina zan gamsu ba. Masu aikin na can sun ce in ba su amsa ƙarshen wata. In ka ce in zauna, zan zauna. In ka sake ni, bari in zo da wayata in naɗi muryarka.

Taka,
Fiddausi

Toranke

Fiddausi,

Da kin ce kin sani, da na hana ki. Mai tambaya a baki ba a ɗaure masa ƙafa. Ni dai ba na magana da ƙarfe. Ki zo ran Juma'a da goro, ke zan gaya wa. In wayar ta yi satar ji, ruwanta.

Ki yi sammako. Labarin dogo ne, numfashina kuwa gajere.

Allah ya yi miki albarka.
Kakanki