Baitin da Aka Yi wa Maiwada

Dakko, Bakura

Zuwa ga ƙanena Nazifi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina gajiya, ina jama'arka, ya ƙarfin jiki? Sabis ya ɗauke mana, shi ya sa na ba direba wagga takarda.

Ciwon sikilar ɗiyata Ikram ya tashi. Idanunta sun yi ɗorawa, ƙafafu ba su ɗaukarta, muna asibiti a Bakura. Likita ya ce sai an ƙara mata jini. Ka san irin nata ba a samu, nawa da na ubanta duk ba su yi. Maiwada mahaucin Maradun kaɗai ke ba ta, tun ranar da ka shiga rediyo ka ce kai ma sikila gare ka, ka tara mutane suka kafa ƙungiyar masu ba da jini. Ran nan na yi kukan daɗi, ban taɓa gaya maka ba don kada kanka ya ƙara girma.

Na aika rumfarsa an ce ba ya nan. Kai da kowane ɗan acaɓa ke yawo da muryarka, neman mutum guda ba zai gagare ka ba. Tsoro nike ji, Nazifi.

Allah shi tsare. Yayarka,
Hadizatu

*

Talata Mafara

Yaya Hadizatu,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ki, ina gaida ɗiyata. Allah shi ba ta lahiya.

Ki kwantar da hankalinki. Muna cikin kamfe ne, barci ma a mota nike yi. Honarabul ya dafa kafaɗata a gaban jama'a ya ce in ya ci zaɓe zai sa firijin ajiye jini mai sola a Bakura da Maradun. Don shi na shiga, Yaya, ba don hula ba. Shekara nawa ina roƙo a rediyo, wa ya ba mu ko fanka?

Ƙungiya kam ta ɗan watse. Da na raba riguna masu hoton Honarabul, 'yan ɗaya jam'iyyar suka daina zuwa. Maiwada shi ne jagoran mahautansu, har ya hau mumbari ya ce na sayar da marasa lahiya. To, a sabuwar waƙa na ɗan taɓa shi, na kwaikwayi i'inarsa a baiti guda. Waƙar siyasa ba ta tafiya sai da zambo, kowa ya sani, shi ma ya sani. Bayan zaɓe za mu ci tsire tare.

Zan sa a nemo shi. Akwai saƙo tafe.

Naki,
Nazifi

*

Maradun

Zuwa ga Malama Hadizatu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina miƙa gaisuwa, da jajen jikin yarinya. Ni ce Amatullah, iyalin Maiwada. Ɗan aikenki ya iso, na ga bai kamata ya koma hannu sake ba.

Maigida ba ya gari. Tun da waƙar ta fito, yara ke bin sa daga masallaci har kasuwa suna rera baitin. Manya kuma sai su tambaye shi kuɗin nama, su sake tambaya, don dai ya maimaita su yi dariya. Mutumin da dama magana wahala take yi masa, sai ya daina ta ɗungurungum, har a gida. Ranar kasuwar da ta wuce ya bi motar shanu zuwa Kudu. Bai faɗi gari ba, wayarsa kuma tana nan kan taga.

Kada ki ɗauka fushi ya yi da ku. Kafin ya tafi ya ce mini lokacin ƙara wa yarinyar Dakko jini ya kusa. Ya je asibiti da ƙafarsa ya ce a ɗebi jininsa a ajiye mata. Suka ce ba su da wurin ajiyewa.

Na tambayi direbobi, har yanzu shiru. Allah Ya kawo mafita.

Wassalam,
Amatullah

*

Bakura

Nazifi,

Salam. Saƙonka ya iso, shinkafa da atamfa mai hoton Honarabul. Na shimfiɗa mata atamfar, gadon asibitin ba zane.

Ta daina cin abinci. Ɗazu ta ce in kunna mata waƙar Kawu, na kunna. Da aka zo baitin nan ta yi dariya, ita ce ta farko tun da muka zo. Ba ta san da wa ake ba. Sannan ta juyo ta ce, "Inna, yaushe Baba Maiwada zai zo?"

Kada ka zo da makaɗa. Ka zo kai kaɗai, kuma ka yi sauri.

Hadizatu