Sandar Dargaza Da Baba Ya Aje Maka

Horo Birni,
Ta hannun Idi direba, Tashar Shagari.
Satumba, 1983.

Zuwa ga Yaya Attahiru,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwar girma irin wadda ƙane ke yi wa wansa, ina roƙon Allah wagga takarda ta iske ka lafiya, kai da Safinatu da ɗiyanku, Ya tsare ku da ciwo da hayaniyar Ikko. Mu nan alhamdu lillahi. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har ta taka zuwa suna Lambara. Baba kuwa idanun sun ƙarasa rufewa tun farkon damina, sai dai bakin yana nan yadda ka san shi, goro da faɗa. Ruwa bai wadata ba bana, gero ya ba mu kunya. Dawar gonar fadama kaɗai ta yi kyau, ita duk gidan ke kallo. Ostariti kuwa, wagga tsuke bakin aljihu ta gwamnati, ba sai na gaya maka ba, sabulu ma sai an bi layi a Boɗinga.

Saƙonka ya iso. Ka ce ka samo mini gadi a kamfaninku, in ba da gonar jingina in taho kafin wata ya mutu. Yaya, ba zan taho ba, kuma don Allah ka ji dalili kafin ranka ya ɓaci. Abin da ya sa na kai maka kuka wancan karon birai ne. Albarushi ya ɓace a kasuwa, bindigar Baba na rataye ba ta da bambanci da muciya, su kuma la'anannun sun gane. Matata Hajjo za ta ɗaga musu sanda, wallahi ko tauna ba su dainawa. Tsohon bakan Baba gara ta cinye shi, sai na ce ni zan sassaƙa wani. Inna ta ce in bar shirme in bi maganar babba. Baba ya raba gardama: in na yi bakan da ya karɓa kafin dawa ta nuna, in zauna, in na kasa, in shiga motar Idi.

Na farko ɗanyar dargaza na saro a hanyar Dingyaɗi, na tura ta cikin rushi don ta bushe da wuri. Jan farko ta karye ta fasa mini gira, tabon na nan. Na biyu busasshiya na roƙo wurin maƙwabcinmu Na'Allah, na kankare ta ciki da baya har tana sheƙi, na kai wa Baba ina jin kaina. Ya shafa sau ɗaya ya ce na yanka mata gadon baya, wai ɓawo kaɗai ake cire wa bayan baka, duk sassaƙa ta ciki ake yi. Ya kira Hajjo ya ce ga itacen tuwo. Kai, ranar ko abincin ban ci ba.

Busasshiyar dargaza ta ƙare a garin, dawa kuma ta fara ido. Ina zaune a zaure sai Baba ya aiko a kira ni, ya ce in taka turmi in laluba rufin ɗakinsa, saitin ƙofa. Na zaro wata sanda, hayaƙi ya mai da ta baƙa ƙirin, miƙaƙƙiya, ba tsaga ko ɗaya. Ya ce shekarar da ka tafi ya sare ta, kuma da tsawonka ya auna ta, daga ƙasa zuwa haɓarka, yana jiran ka dawo ya koya maka. Bai taɓa gaya wa kowa ba, har Inna. Ya ce icen ya jira iyakar jiransa. Da na tsai da ita a gabana ta fi ni da taƙi guda, dole na rage. Yaya, da na ɗora wuƙa sai na ji kamar abinka nake ci ba da izninka ba.

Da gizago na fara fitar da siffa, daga nan sai kankara da wuƙa, kaɗan-kaɗan. Kullum bayan la'asar in kai masa. Sai ya tokare sandar da gwiwa ya tanƙwara, ya bi ta da yatsu daga wannan kai zuwa wancan, inda duk ya ji ta yi taurin kai ya dangwalo jan goro a bakinsa ya shafa. Washegari in kankare jan, in koma, ya sake shafa wani. Akwai ranar da ya maido mini ita ja-wur kamar an yanka zakara a kanta, na fita bayan gida na yi ta huci, sannan na dawo na ɗauki wuƙata. Da ta fara lanƙwasa daidai na shafe ta da man kaɗe, na ɗumama kawunan a bakin wuta na karkata su. Tsirkiya kuma fatar sa na jiƙa, na yanka siriri, na murɗa, na ɗaure tsakanin turaku biyu ta bushe. Duk wannan lokaci birai na cin gefen gona, Hajjo na kaɗa musu gwangwani har muryarta ta dishe.

Ran Juma'ar da ta wuce na ɗaura tsirkiya na kai masa. Ya shafa, ya ja har kunne, ya sassauta, ya kaɗa tsirkiyar yana saurare, ya miƙo mini. Na juya bakan sama da ƙasa ina neman ja. Na fita haske na sake dubawa. Babu! Shi kuwa ko juyowa inda nake bai yi ba, sai ya ce wa Inna ta jawo masa kwarinsa a ƙarƙashin gado. Inna ta jawo tana share ido da bakin gyale, ba ta sake zancen mota ba.

Ba zan yi maka ƙarya ba, kibiyata ta farko kunyar gona ta soka, ba biri ba. Amma da babbansu ya ji ƙarar tsirkiya ya kwashi jama'arsa sai kurmi. Za su dawo, na sani, kuma za su iske ni a kan rumfa tun asuba har sai an yanke dawar nan, in Allah Ya yarda. Gadin ka ba wani mabukaci. Na san don tausayinmu ka nema, Allah Ya saka maka da alheri, amma gonar nan ba ta zuwa hannun kowa ina raye.

Inna na gaishe ku, ta ce Safinatu ta duba kuka da daddawa a cikin ƙullin da na ba Idi. Hajjo da Na'Allah na gaisuwa. Ka shafa mini kan Zubairu da Ummulkhairi. A cikin ƙullin za ka ga guntun ice baƙi, shi ne taƙin da na rage, naka ne. Jiya kuma na saro sabuwar dargaza wadda ta fi ni da taƙi guda, na soke ta inda na zaro waccan. Da na gaya wa Baba sai ya ce in rubuta maka cewa ice zai iya jira, amma yatsunsa ne bai sani ba. Ka zo gida da Sallah, Yaya.

Ƙanenka da ke begen ganinka,
Sodangi.