Jijiyar Bayan Gwiwa da Maganin Kawu

Yaya,

Gaisuwa daga nesa. Ya jikin Inna, ya yara?

Ƙafata da sauƙi. Likita ya ce jijiyar jini ce ta toshe a bayan gwiwa, sai suka yanko wata daga cinyata suka yi wa jinin sabuwar hanya. Har na fara takawa.

Na ji Kawu yana yaɗa cewa matata ce ta yi mini jifa. Shi da ya aiko mini garin magani, na yi ta shafawa har yatsun ƙafar suka yi baƙi! Ki ce ya je ya ba ta haƙuri.

Kada Inna ta ji, amma an cire mini ƙaramin yatsa. Dama ba ya tsinana komai, kamar Kawu.

Allah ya sada mu da alheri.

Ƙaninki