Surukata ta ɗinke takardun bincikena a laya

Malam mai filin shawara, a taimake ni. Shekaranjiya surukata ta ɗinke shafi na uku.

Ni tafinta ne a ofishin jakadancinmu da ke Riyadh, ina kuma karatun digiri na uku ta wasiƙa da wata jami'a a Ingila. Bincikena a kan Karra'awa ne, wata ƙungiyar Yahudawa ta shekaru dubu da suka wuce, waɗanda suka ce Attaura kaɗai za su bi, ban da ruwayoyin malamai. Wasunsu sun rubuta Ibrananci da baƙaƙen Larabci. Da Tarayyar Sobiyet ta rushe, da ƙyar malamina ya samo mini hoton wasu shafuka daga wani ɗakin karatu a Rasha. Ba ni da kwafi na biyu.

Surukar tawa, Hajiya, ta zo mana ziyara a gidanmu da ke unguwar Ulaisha, ta tarar da takardun a kan talabijin. Ta haɗa baƙi ya haɗu, amma ba ta gane ko kalma ɗaya ba. Ga shi tana ganin ni da nake jin Larabci ina yini a kan layi guda ina gumi. Sai ta yanke hukunci cewa asiri ne na malaman da. Ta sa aka sayo fata, ta ninke shafi ɗaya ta ɗinke, ta aiko mai ɗakina da shi in ɗaura, don karatuna ya yi sauƙi. Yanzu haka rabin babi na huɗu yana damtsena.

Shafi na biyu ta ɗinke ta ba Isiyaku, wani direba a unguwar Gubaira da kafilinsa, wato ubangidansa, ya riƙe masa iƙama, takardar izinin zama. Cikin mako aka sabunta masa. Tun daga nan mata ke sallama da dabino suna neman layar Hajiya, har ɗayarsu ta tafi da shafi na uku. Shafin Isiyaku kuwa ayoyi ne, da sharhi a gefe inda malamai biyu ke gardama kan halaccin kitsen wutsiyar rago. Ya rataye shi a madubin mota. A garin nan laya laifi ce. Idan aka tsayar da shi aka farke ta, ban san wanda zai yi bayani ba.

Ban taɓa haɗa ido da Hajiya ba, daga ƙofa nake gaishe ta a durƙushe. Mai ɗakina ta ce ba da bakinta ba, kuma duk sanda na ɗaga hannu sai ta yi dariya har ta dafa bango.

Mai laya a damtse, Riyadh

AMSA

Malam mai laya, ka fara da Isiyaku, yau ɗin nan. Naka babi ne, nasa zaman ƙasa ne da abincin iyalinsa. Ka je Gubaira da kanka, ka gaya masa gaskiya, ka karɓo. Sannan ka sa mai ɗakinka ta gano wadda ta tafi da shafi na uku.

Hajiya ba ta yi maka mugunta ba. Ta ga rubutu mai kama da na littafi a yashe a kan talabijin, ta ba shi matsayin da ta san ana ba rubutu, kuma kai ta fara tunawa. Ta ɗauki abin da ba nata ba, wannan gaskiya ne, amma kai ma ka yi shiru a shafin farko har ka miƙa hannu aka ɗaura.

Kunyar suruka ba ta hana aike. Nemi wata dattijuwa da Hajiya ke ganin girmanta cikin matan ofishinku. Ta ce mata rubutun Attaura ne na ma'abota littafi, ba a taka shi, ba a kuma rataya shi, kuma amanar malaminka ne. Kada a ƙirƙiro mata cewa asirin ya karye, don za ta nemi sabon shafi. A yi wannan magana ba a gaban mai ɗakinka ba, tunda ba ta iya riƙe dariya.

Ka sayi akwati mai makulli. Layar damtsenka ka farke ta da reza a hankali, ta bakin ɗinki.

Allah ya ba da sa'ar karatu, ya ƙara wa Hajiya lafiya. Na tambayi wani ma'aikacin ɗakin karatu a Zariya ko ana sake samun irin hotunan nan. Ya ce ana samu, sai dai bai tabbatar ba tukuna ko suna aikawa zuwa Saudiyya.