Hanyar da Baba Zai Bi da Ƙafarsa

Zuwa ga Babana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau, da fatan ka tashi lafiya, idon kuma bai ƙara matsa maka ba. Ina gaida Yaya da zai karanta maka wannan takarda, da matarsa da yara. Yaya, don Allah ka karanta duka, na san halinka na tsallake layi idan rubutu ya yi tsawo.

Baba, na samu gida, na kuma fara koyarwa. Garin nan ya tafi da hankalina. Tsohuwar unguwar da nake ciki duk ginin jan bulo ne, kowane bene an fito masa da rumfa a kan ginshiƙai, ta haɗe da ta maƙwabcinsa, har mutum ya ƙare layi rana ba ta taɓa shi ba. Can gaba kuma dogayen gine-ginen gilashi ne, da la'asar sai su yi jajir kamar an hura wuta a cikinsu. Daga tagar ɗakina ina hango farar gada da aka rataye da igiyoyin ƙarfe. Da ka ga ɗakin karatu na garin, rufinsa zagayayye, haske na zubowa daga sama, wallahi sai ka cire hula.

Yanzu ga abin da ya sa na rubuto. Na kai takardunka wurin likitan ido. Ya ce abin da hawan jinin ido ya cinye ba zai dawo ba, amma ɗan ganin da ya rage ana iya riƙe shi, idan ana duba ka a kai a kai. Hakan ba zai yiwu ba sai kana zaune a nan. Na gyara maka ɗaki. Ka zo ka ga garin da idonka, na tabbata zai burge ka.

Allah ya ƙara maka lafiya.

'Yarka,
Auta

*

Zuwa ga Babana,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana cikin ƙoshin lafiya, kai da duk mutanen gida. Ni ma lafiya lau, sai kewarka.

Amsarka ta iso, kuma Yaya bai rage ko kalma ba. Ka ce kai da ka ƙarar da ƙuruciyarka kana tuƙa mutane gari gari, ba za ka ƙare a matsayin kaya ba, a ɗora ka a bene kana jiran mai jan hannu. Ka ce a gida ƙafarka ta san hanyar mai aski da ta majalisarku. Ka kuma ce na cika maka takarda da launuka. Wannan ta ƙarshen ta yi mini zafi, don gaskiya ce. Na sha kuka, daga baya kuma zuciya ta ɗebe ni, ka san wanda na gado.

Ranar Asabar da safe na ɗauki doguwar lema a madadin sanda, na rufe idona, na fita. Kada ka yi dariya. Tun ban yi nisa ba na yi karo da kwandon shara, har na ba shi haƙuri. Amma ga abin da na samo, zan ba ka shi yadda ake ba direba hanya.

Lif ɗin gidanmu, wato na'urar hawa bene, yana magana, yana faɗin hawan da aka iso. Kana fita ƙofa, ƙafarka za ta taka wani layin tayil mai gurza-gurza, dabam da sauran daɓen. Ni da nake taka shi kullum, ado na ɗauke shi. Ashe hanya ce aka shimfiɗa wa masu sanda, tana tafiya ɗoɗar, inda za a tsaya kuma sai ta koma ƙuraje-ƙuraje. A ƙarƙashin rumfa takunka yana dawo maka a kunne, da rumfar ta ƙare sai sautin ya baje, iska ta bugi fuskarka, ka san ka iso kwana. Kafin nan za ka ji ƙamshin gidan burodi a dama. Bakin titi an kwantar da shi, babu tudun da zai harɗe ka. Danjar ma tana ƙara idan lokacin masu ƙafa ya yi, motoci kuma suna tsayawa da gaske, abin da na san zai ba ka mamaki fiye da komai.

Kana tsallakawa akwai fili mai bishiyoyi da famfon da ke feshin ruwa. Ka bar ƙarar ruwan a hagunka, shagon aski yana gabanka. Bencinan wurin suna da hannu, don tsoho ya dafa ya tashi ba sai an ɗaga shi ba. A kan ɗaya na zauna na buɗe ido, na ji ina ƙaunar waɗanda suka zana unguwar nan. Ban san su ba, amma sun zauna sun yi tunaninka tun ba su san za ka zo ba.

Ba zan ɓoye maka aibi ba. Akwai mai shagon da ke jera babura a kan layin tayil ɗin. Na buge gwiwa a nan, na kuwa wanke shi tas a gaban masu sayayya. Washegari na tarar ya kwashe su, har yana gaishe ni da Malama.

Ban ce ka tare ba, Baba. Ka zo na 'yan kwanaki ka gwada hanyar. Idan ƙafarka ta ƙi ta, ni da kaina zan mayar da kai. Ina tsoron ɗan hasken da ya rage maka ya tafi muna ja-in-ja.

Allah ya bar mana kai.

'Yarka mai taurin kai,
Auta

*

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya aiki, ya yara da mamansu? Ina fatan gajiyar rako Baba ta sake ka. Mu nan lafiya ƙalau.

Likita ya duba shi, ya canja masa maganin ɗigawa, ya ce idan aka ci gaba da zuwa akwai fata. Baba kuwa jakarsa ma ya hana ni kwashe kayan ciki, ya ce baƙo ba ya baje kaya. Kullum da safe mukan fita tare, yana gaba da sandarsa ina gefe, ba ya yarda in riƙe shi. Sai ya tsaya ya ƙwanƙwasa ginshiƙi, ya shafa bulo da tafin hannu, ya ce wanda ya yi ginin nan ba ya cikin sauri. Shataletalen bayan gidanmu kuwa ya kushe shi, wai daga jin birkin motoci ya san an matse shi. Ni dai kullum ina fargabar ranar da zai ce a saya masa tikitin komawa.

Jiya bayan karin kumallo ya sa hula ya ce zai je aski, shi kaɗai. Na ce to, a dawo lafiya. Yana shiga lif na zura takalmin roba na bi ta matakala. Na bar tazara mai yawa, ina laɓewa bayan ginshiƙai kamar ɓarauniya. Ya bi layin tayil tiryan-tiryan, ya ɗaga wa mai burodi hannu, ya isa bakin titi ya tsaya. Ko juyowa bai yi ba ya ce:

"Auta, koma gida. Tun daga ƙofa nake jin takunki."

Yaya, ban taɓa yin abu mai wuya kamar juyawar nan ba. Na ji danja ta fara ƙara a bayana, ban waiwaya ba. Na hau sama na ɗora ruwan shayi, ya tafasa ya huce, na sake ɗorawa. Na je taga na dawo, don rumfa ta rufe hanyar, ba a ganin mai tafiya a ƙasanta. Ranar ce kaɗai na ji haushin rumfar nan.

Can sai na ji sanda a bakin ƙofa, makulli yana neman raminsa. Na danne zuciyata ban tashi na buɗe ba. Ya shigo da sabon aski yana ƙamshin hoda, ya zauna, ya ce mai askin surutu gare shi amma hannunsa da sauƙi, kuma akwai wasu tsofaffi a benci da ba su san komai game da mota ba, gobe zai koma ya gyara musu zance. Ya kurɓi shayi, sannan ya ce in rubuta maka.

Ya ce ka aiko masa da kujerarsa ta tsakar gida, da rediyonsa, da sauran tufafinsa. Ka ɗaure ƙafar kujerar da kyau, ka san tana girgiɗi.

A gaida kowa da kowa.

Ƙanwarka,
Auta